Makullin Gidan Fasto

Godiya ta tabbata ga Allah Uba, wanda ya ba mu malaminmu, dattijo mai ilimi da taƙawa, masanin Littafi Mai Tsarki ciki da bai, wanda ya yi kiwon ikkilisiyarmu shekara talatin da huɗu ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin baƙo ya bar ƙofarsa da yunwa ba. Baba muke ce masa, Ubangiji ya ƙara masa daraja. Abin da zan faɗa a kaina ya faru.

Da Baba ya yi ritaya, shugabannin ikkilisiya suka turo mana sabon fasto, matashi, ɗaya daga cikin ɗalibansa. Mu dattawa muka raina shi. Ni ne shugaban mawaƙa, ni ke riƙe da makullin gidan fasto, sai na ɓoye shi na ce ya ɓata, don mutumin ya gaji ya koma inda ya fito. Ranar da suka iso, shi da matarsa suka tsaya bakin ƙofa da akwatunansu a rana, muna kallo daga nesa. Baba ya zo yana dogara sanda, ya ɗauki jakar matar da hannunsa, ya kai su gidansa, ya ba su ɗakinsa da gadonsa, shi kuwa ya koma kwana kan tabarma a ɗakin littattafai.

Ranar Lahadi na tashi zan ba da waƙa, na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Kwana goma sha ɗaya ina haka. Likita ya duba maƙogwarona ya ce bai ga komai ba. Matata ta yi ta tsokanata cewa gida ya samu hutu, amma na gan ta tana share hawaye a bayan ƙofa.

Da abin ya ishe ni, na nufi gidan Baba da hantsi don ya yi mini addu'a. Na tarar da shi, dattijo mai shekara tamanin, ya sunkuya yana zuba wa sabon fasto ruwan wanke hannu. Ya dube ni da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Zauna ka ci tukuna." Da na gama ci, ya ce a hankali, "Abin da ke aljihunka na dama ya yi maka nauyi. Sauke shi ka huta."

Ko matata ba ta san zancen ba. Na ciro makullin na ajiye, na nuna maƙogwarona ina roƙonsa da ido.

"Ai ba ni ne makiyayinka ba yanzu," in ji Baba. "Ga namu nan, ni da kai."

Sai ya ajiye sandarsa, ya durƙusa da ƙyar gaban ɗalibinsa, ya jawo ni kusa da shi. Fasto ya zabura yana cewa, "Haba Baba, don Allah ka tashi!" Baba ya ce, "Fasto, tumakinka biyu suna jiranka."

Fasto ya yi addu'a cikin sunan Yesu Almasihu, tafin hannun Baba kuwa na kan wuyana, na ji ɗuminsa har ƙirji. Da ya kai ƙarshe sai na ji wani ya ce "Amin" da ƙarfi, ashe ni ne. Maganar da ta biyo baya ita ce, "Fasto, ka gafarta mini." Ya rungume ni. Da yamma ni na ɗauki akwatunansu a kaina zuwa gidan fasto.

Baba ya hana a yi ta yayata abin, ya ce aikin Ubangiji ne. Sai yanzu da ya huta cikin Ubangiji na rubuta. Yabo ga Allah mai ɗaukaka masu tawali'u. Ya Ubangiji, ka ba mu ko kaɗan daga halin bawanka, ka sa wa makiyayanmu albarka, ka tuna da ni mai zunubi. Amin.