Na'urar da Ta Fita da Sunan Wata

Akwai wani mutum da aka danƙa wa kula da na'urorin aika wasiƙun intanet na wani asibitin mishan a ƙauye. Na'urorin biyu ne. Ɗaya ta gwaji ce, a kanta yake jarraba kowane sabon gyara, wasiƙunta ba sa zuwa ko'ina. Ɗayar kuwa ta ainihin aiki ce, da ita likita take aika wa babban asibitin birni. Kowace tana da sunanta, tana kuma da takardar shaida a ajiye a wani wuri cikinta. Duk sa'ad da ta kai wasiƙa, sai ta faɗi sunanta ta nuna shaidarta, in sun dace da juna a karɓa.

Wata rana mutumin ya yi gyara a ta gwaji, ya ga komai daidai. Yana sauri ya tafi bikin abokinsa, sai ya kwafe saitin duka zuwa ta aiki. Layi biyu ya kamata ya sauya, na suna da na inda shaida take, amma bai duba ba. Na'urar ta shiga faɗin sunan da ba nata ba, ta nemi shaidarta a inda babu kome. Asibitin birni ya ƙi karɓar wasiƙunta.

Da likita ta tambaye shi, ya ce ai matsalar daga birni take. Zuciyarsa ta gaya masa inda laifin yake, amma kunya ta hana shi buɗewa ya duba. Haka aka yi kwana uku.

Cikin wasiƙun da suka maƙale akwai hoton ƙirjin wata tsohuwa. 'Yarta tana zaune a benci kullum tana jiran amsa. A rana ta huɗu ya zo wucewa, sai ta tashi ta gaishe shi, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. An ce kai ne kake wahalar gyara mana. Allah ya sāka maka."

Ya wuce da sauri. Ya shiga ofis, ya gyara layi biyun nan cikin minti ɗaya, wasiƙun suka fita. Ba wanda ya gani. Duk da haka ya je wurin likita ya faɗi gaskiya, kansa a sunkuye.

Likita ta ce, "Layi biyun ba su dame ni kamar kwana ukun ba. Je ka faɗa wa 'yar tsohuwar."

Ya je ya durƙusa a gabanta ya roƙi gafara. Ta dube shi, ta ce ta yafe. Tsohuwar ta warke daga baya, amma ta sha wahalar da bai kamata ta sha ba.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: da yawa cikinmu mun iya tafiya daidai a cikin majami'a, inda ba abin da ke gwada mu ƙwarai. In muka fita kasuwa ko ofis, sai a nemi shaidarmu ta masu bin Almasihu a rasa. Kuskure kowa yana yi. Abin da ya fi cutarwa shi ne kunyar da ke sa mu ɓoye shi, alhali wani yana shan wahala dominsa. In akwai abin da ka sani ka ɓata, kada ka jira a gano. Je ka duba yau, ka gyara, sa'an nan ka nemi wanda ka cuta ka faɗa masa da bakinka.