Sunan Baba Direba a Jikin Allo

Akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba Direba. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan motar wani kamfanin sabulu. Da ya ajiye aiki, sau uku yana zuwa neman kuɗin sallamarsa. A zuwa na uku, wani akawu ya ce masa, ko kai bai ɗaga ba, "Baba, ka cika damu. Je ka, za a neme ka."

Baba Direba ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya rantse ba zai ƙara taka ƙofar nan ba. "Gumina ne, ba sadaka ba," in ji shi.

Bayan shekara biyu matarsa ta kwanta ciwo, likita ya ce sai an yi mata aiki. Ya sayar da keken ɗinkinta da gadonsu, kuɗin bai kai ba.

"Maigida, ka leƙa kamfanin nan mana," ta ce.

"Bar su da halinsu."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu.

Ya koma ɗaki ɗaya a bayan wani shagon walda. Kofi ɗaya, cokali ɗaya, kujera ɗaya. 'Yarsa tana aure a nesa, in ta kira sai ya ce komai lafiya lau. Wata rana har rana ta faɗi bai ji muryar kansa ba.

A shekara ta tara da ajiye aikinsa, yana layi a shagon magani, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Tsohon maigadin kamfanin ne.

"Direba! Ashe kana duniya? Ai sunanka har ya koɗe a jikin allon sanarwa. Kuɗinka na can yana jiranka."

Kwana biyu yana kokawa da zuciyarsa kafin ya tafi. Wancan akawun ya daɗe da barin wurin. Wata mata ya tarar, ta ja masa kujera, ta zaro fayil ta kaɗe ƙura.

"Baba, wata huɗu bayan zuwanka na ƙarshe aka amince a biya ka. Wasiƙa uku aka aika, duk suka dawo. Adireshin gidan da kake ciki lokacin da aka ɗauke ka aiki ne a nan."

Wata huɗu. Baba Direba ya lissafa da yatsu, ya sake lissafawa. Ashe duk lokacin da matarsa ke kwance, kuɗin aikinta na ajiye a nan. Ya rufe fuska da hularsa. Ma'aikaciyar ta bar shi har ya gama kuka.

Da ya sa hannu, sai ya ce, "'Yata, ara mini biro."

Ya tsaya gaban allon ya kwafe sauran sunayen, goma sha ɗaya. Sati uku yana bin lungu-lungu da ƙafa. Ya samu shida. Na bakwai, wani mai lodi, ya riga mu gidan gaskiya. Matar marigayin ce ta fito da kumfar wanki a hannu. Da ta ji saƙon, ta zauna a bakin ƙofa.

"Ni ko sanin akwai kuɗin ban yi ba," ta ce.

"Ɗauko mayafinki," in ji Baba Direba. "Ni zan raka ki."

Darasi: Neman haƙƙinka ba roƙo ba ne. Kada wulaƙancin mutum ɗaya ya raba ka da guminka, don girman kai rawanin tsiya ne. Ku koma ku tambaya, ku tambayar wa iyayenku, ku gyara adireshinku. Tura wannan ga wani tsohon ma'aikaci da ka sani, wataƙila sunansa na jikin wani allo.