Sallar Badaru a Bukkar Gona

Akwai wani mahauci ɗan wani ƙauye can bayan Tofa, sunansa Badaru. A Legas yake sayar da tsire, amma bai taɓa yin ƙaramar sallah a waje ba. Tun farkon azumi mahaifiyarsa, Inna Bara'atu, take ware zakara ɗaya ta ce na Badaru ne. Ba a yanka shi sai ya sauko daga idi, ya durƙusa a gabanta ta dafa kansa.

Inna ta tsufa, ga asma. Raudatu, matar Badaru, ita ke kula da ita.

A shekarar korona aka rufe hanyoyi tsakanin jihohi, sai motocin abinci kaɗai ke wucewa. Mutanen ƙauyen suka yi ta gunaguni: wace irin doka ce za ta hana ɗa gaida uwarsa ranar sallah? Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Kawu Sama'ilu, ƙanin Inna. Kullum sai ya kira Badaru a waya.

"Kowa yana shigowa a bayan tirela, kai ka zauna tsoron mura? Wannan ai cutar masu hawa jirgi ce. Yaushe ka hau jirgi?"

Badaru ya biye masa. Ya shiga bayan wata tirela da ta sauke wake za ta koma kasuwar Dawanau ta Kano, su kusan ashirin a ƙarƙashin tamfol. Kwana biyu suna tafe. Mutumin da ke jingine da kafaɗarsa tari yake yi ba ƙaƙƙautawa, jikinsa zafi rau.

Da ya sauka, a ƙafa ya nufi gida. Yana hango rimin ƙofar gari sai ya tuna yadda ƙirjin Inna ke kuka in ciwonta ya tashi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ratse ya nufi bukkar gonarsu, ya kira matarsa.

"Raudatu, na iso, amma ba zan shigo ba. Na yi kuskuren tahowa. Sai na yi sati biyu a nan."

Raudatu ta dubi lallen da ta ƙunsa jiya dominsa. Wata bakwai rabonta da ganinsa. Ta ce, "To, me za a kawo maka na buɗa-baki?"

Kowace yamma takan kai kunu da tuwo ta ajiye a gindin ɗorawa, ta ja da baya. Kwanon kuwa a cikin wani ƙyalle take naɗe shi, wanda ta turara da turaren wutar da yake so tun yana zuwa zance gidansu. Su yi hira daga nesa, ta koma kafin magariba.

Ranar sallah Kawu Sama'ilu ya zo gonar da babbar rigarsa, ya miƙo hannu. Badaru ya ja da baya, ya durƙusa, ya dafa ƙirji.

"Kawu, a yi mini afuwa."

"Ni za ka hana hannu? Ni da na riƙe ka ranar da aka yi maka kaciya? Abin da Legas ta koya maka ke nan?"

Kafin la'asar labari ya zaga gari, wai Badaru ya yi girman kai. A bakin rijiya mata suna tsokanar Raudatu: "An ce maigidan naki ya samu aikin korar tsuntsaye tun ba a yi shuka ba." Ta yi murmushi kawai ta ɗauki tulunta.

Inna kuwa, da aka tambaye ta ko a yanka zakaran, ta ce, "Ku ci sallarku. Tawa ba ta zo ba tukuna."

A rana ta tara Badaru ya ɗaga ƙyallen ya ce, "Turaren naki ya ƙare ne? Kwana biyu ba na jin ƙamshinsa."

Raudatu kuwa ta san ranar ma ta fi turara shi. Ta tuna abin da ta ji a rediyo, cewa korona kan ɗauke wa mutum jin ƙamshi da ɗanɗano.

"Miyar fa? Ka ji daddawa?"

"Ban ji komai ba."

Washegari zazzaɓi ya kayar da shi. Aka kira ma'aikacin lafiya, ya zo da takunkumin fuska ya duba shi, daga baya aka tabbatar cutar ce. Da mutumin ya ji akwai tsohuwa mai asma a gidan, ya girgiza kai ya ce, "Ku gode wa Allah da bai shiga ɗakinta ba."

Kawu Sama'ilu yana tsaye a wajen. Ya dubi tafin hannunsa, ya mayar da shi aljihu.

A satin aka yi ruwan shuka. Da sassafe Badaru ya leƙo daga bukka, ya hangi Kawu a can ƙarshen gona da sungumi, yana shuka masa gero.

"Kawu, da kanka?"

"Koma ka kwanta, ɗan Legas. Kuma kada ka matso ni."

Sai da geron ya tsiro kafin wata yamma Raudatu ta ji Badaru ya ƙwala mata kira, ƙyallen a hancinsa.

"Raudatu! Na ji shi!"

Ta zauna a gindin ɗorawar tana kuka tana dariya.

Ranar da ma'aikacin lafiyar ya ce zai iya shiga gida, Badaru ya durƙusa gaban Inna. Ta dafa kansa ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Sannan ta ce, "Sama'ilu, kamo zakaran nan. Yau sallah."

Darasi: Zumunci ba haɗa hannu ba ne kaɗai. Wani lokaci wanda ya tsaya daga nesa shi ya fi ƙaunarka, don haka kada mu yi saurin kiran mutum mai girman kai tun ba mu ji dalilinsa ba. In kuma ka yi kuskure, ka tsaya inda ka gane shi, kada ka kai shi har gida. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.