Bututu a Kan Ramin Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Itace ya ƙare a ƙasar Raƙumi, kowa sai kukan gas yake yi. Ƙasar Ɓauna kuwa gas har ya yi musu yawa. Sai aka shirya jan bututu, da sharaɗin kowa ya yi walda a ƙasarsa, ban da tsallake iyaka ko da taku ɗaya. Bakunan bututun biyu suka haɗu daidai kan iyaka, aka zura ɗaya cikin ɗaya ba walda, aka rufe da ƙasa. To, a nan ramin Gafiya yake, da 'ya'yanta shida, ko ido ba su buɗe ba.

Da wari ya ishe ta, sai ta ruga wurin Ɓauna. "Ranka ya daɗe, bututunku yana tusa a ɗakina!"

Ɓauna ya ce, "Ke uwar tono, iya ƙasata na liƙe. Je ki wurin dogo."

Raƙumi kuwa ya ɗaga hanci sama. "Baiwar Allah, ni daga nan ban ji warin komai ba."

Ta komo a guje, ta tarar ramin shiru. Ta fito da 'ya'yan ɗai-ɗai a baki, ta jera su, babu mai motsi.

Sai ga manyan, Ɓauna da Raƙumi, da igiyar awo. Suka auna: uku suna kwance ta nan, uku ta can. Kowa ya yi mata ta'aziyyar ukun da ke ƙasarsa, ya juya.

Ƙurunƙus, yau kan gafiya ne, ba na ɓera ba.