Cindo Mai Ƙafar Itace da Gaisuwar Tsaye

A zamanin da daji ya fi gari yawa, an yi wani maharbi ana ce masa Cindo, don da yatsu shida aka haife shi. Tun yana saurayi ɓauna ta farfasa masa gwiwar dama, ƙafar ta warke a miƙe kamar taɓarya. Daga ranar bai ƙara tsugunawa ba, ko gaban uwarsa. Maroƙa na yi masa kirari: "Cindo mai ƙafar itace, dogo ba ka rusunawa, na Tarana kashe ka rataye!" Tarana matarsa ce, ratayewa kuwa gaskiya ne, sai ya ja nama da ƙugiya ya rataya a reshe yake fiɗa.

Bin sawun gwanki ya kai shi Dutsen Huci, can gabas. Dutse ne baƙi mai numfashi. Hayaƙi na fita ta kansa, ƙasa na ɗumi kamar an kwashe murhu, iska na warin ruɓaɓɓen ƙwai. A gindinsa akwai kwari mai ruwan zafi da kanwa, namun daji na zuwa lasa, wasu a tarar da su kwance ba rauni. Cindo ya yi bukka a kafaɗar dutsen, kwarin ya zama mafiɗarsa.

To, karnukansa suka fara mutuwa. Da safe a shiga kwari, kare ya yi tangaɗi ya faɗi. Cindo ya ce ai maharban garinsu ne suka biyo shi da guba don hassada. Ya daina amsa sallama da fara'a.

Sai wani falke ya ratso neman kilishi, ya tarar da shi yana fiɗa, ya tsuguna ya ce, "Barka da aiki, maigida." Ya daɗe a tsugune ana gaisawa, kamar yadda mai tarbiyya ke yi, sai ya kife. Bayansa wani maharbi ya zo, shi ma haka. Abokan tafiyarsu da suka tsaya a tsaye suka arce da labari: duk wanda ya durƙusa wa Cindo ya mutu. Mutum mai yatsa shida, ba ya rusuna wa kowa, yana zaune kan dutse mai hayaƙi. Me ya rage? Aka ce maye ne. Mutane dai ba su canza ba, in sun rasa dalili sai su nemi mai kama da dalili.

Sarkin Baka Nomau, wanda ya koya masa riƙon baka, ya taso da hantsi da mutanensa, har da wani maharbi Arzika, ɗauke da igiya da bakin wuta. Hukuncin maye a lokacin sananne ne: a ƙone shi da bukkarsa. Suka same shi a kwari, suka kewaye shi.

Nomau ya ce, "Cindo, durƙusa."

"Baba, kai ka ɗaure ƙafar nan da hannunka. Ka san ba ta lanƙwasa."

"Ƙafa ce ba ta lanƙwasa ko zuciya? Me ka yi wa baƙin mutane?"

"Ni ma tambaya gare ni. Wa ya kashe mini karnuka? Ga Arzika can yana sunkuyar da kai!"

Arzika ya ce, "Karnukan banza? Kai ka lashe su, tsohon maye!"

Nomau ya ce a shimfiɗa masa buzu, shari'a ba a yin ta a tsaye. Mai riƙe da wuta ya sauke ta ƙasa don ya taya shimfiɗa. Wutar ta mutu nan take, ba iska, ba ruwa. Kowa na kallon Cindo, Cindo kaɗai ke kallon ƙasa. Kare gajere ne. Mai tsuguno ma gajere ne. Ga wuta kuma. Nomau ya tattara riga zai zauna, Cindo ya yi tsalle ɗaya da ƙafarsa mai kyau ya cafke wuyan rigar.

"Kada ka zauna, Baba!"

Bakuna suka ɗame ta ko'ina. Cindo bai saki ba. Ya ce a ƙyasta wata wutar. Aka ɗaga ta sama, tana ci. Aka sauke ta zuwa gwiwa, ta mutu.

Arzika ya ce, "Kun gani? Har wuta yake ci!"

Nomau bai yarda da Cindo ba, bai kuma yarda da Arzika ba. Ya sa aka ɗaure Cindo, aka rufe masa ido, aka kai shi bayan dutse inda ko kururuwa ba a ji. Sannan tsohon ya riƙe wuta da hannunsa ya sauke. Ta mutu. Ya sake, ta mutu. Ya daɗe yana duban buzun da ya kusa zama a kai.

Da aka kwance Cindo, Nomau ya ce, "Dutsen ne ke zubo mugun numfashi, yana kwanciya a kwari kamar ruwa. Wannan na gani. Ko kai da dutsen kuna da wata magana tsakaninku, wannan ban sani ba. Ba za a ƙone ka ba, ba kuma za ka koma gida ba. Zauna nan ka tsare hanya."

Cindo ya ce, "Zama kam ban iya ba. Tsayuwa dai."

Shi da Tarana suka kafa gari a kan tudu, masu neman kanwa suka taru, ana kiransa Tsaye. Yau an kewaye dutsen an mai da shi gandun daji. Masu yawon buɗe ido na zuwa da motoci, su ajiye su a bakin gari, su bi jikokin Cindo a ƙafa, jagora na gaba da wuta rataye daidai gwiwa. In ta mutu, kowa ya hau tudu, ba musu.

Har gobe ba a durƙusa wa kowa a Tsaye, ko suruki, ko mai gari. Maƙwabta na cewa ba su da ladabi, wasu ma har yanzu ba sa cin abincinsu. In baƙo ya yi wannan ƙorafi, ba sa jayayya da shi. Kwarin kawai suke nuna masa, su ce, "Bismilla, je ka gaishe mu a can."