Banɗakunan da Suka Kalli Gabas

To jama'a, ku gyara zama. Mai goro a baki ya tauna a hankali, domin yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, kada a zo wajen hukunci ya ce a maimaita masa.

Akwai wata mata ana ce mata Hansatu, tana aiki a wani kamfanin gine-gine, muƙaminta shugabar zane. Kada ku ɗauka ita ke zana gidan. Babban gini ba mutum ɗaya ke zana shi ba. Akwai mai zana siffarsa, ya ce ɗaki nan, ƙofa nan, taga can. Akwai injiniyan da ke lissafin ƙarfinsa, ya ce ginshiƙi nan, rodi kaza, kankare kaza. Akwai kuma na ruwa da wuta, mai bi da bututu da waya. Kowannensu in ka ƙyale shi, gani yake shi kaɗai ke gini, sauran 'yan rakiya ne. Aikin Hansatu shi ne ta tara zanen mutum ukun nan, ta ɗora wannan a kan wancan, ta duba kada bututu ya ratsa ginshiƙi, kada taga ta buɗe a jikin tankin ruwa. In sun yi faɗa ta raba, in sun yi gaba ta sasanta. Ita da bakinta take cewa aikinta ba shi da maraba da na uwa mai 'ya'ya uku da kwano ɗaya.

Gini na farko da aka damƙa mata kacokan shi ne ɗakin kwanan 'yan mata, bene hawa ɗaya, a makarantar wani gari da ake kira Kwarin Ɗorawa. Mutanen garin ne suka haɗa ƙarfi suka ba da aikin, saboda duk damina rafi kan cika ya raba 'yan matan ƙauyukan ƙetare da makaranta, wasu ma daga nan ba sa komawa. Rafin nan kuwa bai san babba ba. Da zarar ruwa ya zauna, motar siminti ko ta tsakuwa ba ta sake ƙetarewa sai kaka. Saboda haka dole a zuba dakin, wato rufin kankaren da bene zai zauna a kai, kafin damina ta kankama. In aka kuskure, yaran nan sun sake asarar shekara. Ga shi kuma a lokacin cikin Hansatu ya tsufa, tana tafiya tana riƙe ƙugu, amma ko kusa ba ta yarda a ce mata ta zauna a gida ba.

Mai zanen siffa sunansa Mudi, ɗan ƙwalisa na ƙarshe. Farar shadda yake zuwa da ita wurin gini, ya koma da ita fara ƙal, har leburori na rantsuwa cewa ƙura tsoronsa take. Injiniyan ƙarfi kuwa Iliya ne, Kirista mutumin Zonkwa, wanda ko gaisuwa ka tsawaita masa sai ka ga kamar zai ce, "Bari in lissafa." Na ukunsu Haladu, na ruwa da wuta, gajere mai babbar murya, wanda ba ya jin kunyar kawo zancen masai ana tsakiyar cin tuwo.

Tun farkon aiki Mudi ya zo ya ga fili, ya ga yadda ranar yamma za ta riƙa dukan tagogin ɗakunan kwana, ya kuma ga wata tsohuwar ɗorawa da za a sare. Sai ya juya ginin gaba ɗaya a kan takarda, gefen da ke kallon kudu ya koma kallon gabas. Ɗakuna suka sami inuwa, ɗorawa ta tsira. Iliya ya duba ya ce ƙarfi bai taɓu ba. Haladu ya duba ya ce ruwa zai bi. Hansatu ta duba ta yaba, ta sa hannu. Kowa ya ce Mudi ya yi basira, kuma gaskiya ya yi.

Aiki ya yi nisa. Hawa na ƙasa ya tashi, an kafa katakon dakin, an tokare shi da gora, masu ɗaurin rodi sun hau. Ran nan Hansatu ta zo dubawa, azahar ta same ta a wurin. Ta yi alwala, ta shiga cikin ginin don inuwa, ta shimfiɗa darduma ta fuskanci inda masallacin garin ke fuskanta. Ta idar, ta shafa addu'a, ta ɗaga kai. Ga jerin banɗakuna a gabanta, ba a sa musu ƙofofi ba tukuna, kowanne da bakin bututunsa da wurin taka ƙafa. Ta dube su, ta dubi dardumarta, ta sake duban su. Duk wadda ta tsuguna a ciki, inda Hansatu ta kalla yanzu a salla, nan za ta kalla.

Da Mudi ya juya gini, banɗakuna ma sun juya tare da shi. Mutum huɗu masu ilimi sun duba rana, sun duba iska, sun duba hanya, ba wanda ya tuna da alƙibla. Ku kuwa kun san mutanenmu. Babu uban da zai kai 'yarsa gidan da za ta riƙa kewayawa tana fuskantar gabas ko tana ba ta baya. Sai dai a gama gini, a shafa fenti, ƙadangaru su tare.

Hansatu ba ta ɓoye ba. Ta kira su ukun ƙarƙashin ɗorawa ta gaya musu. Nan take Haladu ya nuna Mudi, Mudi ya nuna zanen Haladu, Iliya kuwa ya tsaya kallon hadarin da ya fara haɗuwa can nesa.

"Kai, ya isa haka," in ji Hansatu. "Ban kira ku neman mai laifi ba, ai ni na sa hannu a ƙarshe. Ga hadari can kuna gani. Mafita nake so, kuma ban yarda a rage gado ko ɗaya ba, don kowane gado yarinya ce." Ta dafa cikinta, ta yi ajiyar zuciya. "Maigidana ya riga ya ce wannan karon ni zan zaɓi suna. Wallahi duk wanda ya fitar da ni daga wannan rami, in Allah Ya sauke ni lafiya kuma namiji ne, shi ne takwara."

"Ranki ya daɗe," in ji Haladu, "a fara koya wa yaron amsa Haladu tun yana ciki."

Aka yi dariya, hankali ya ɗan kwanta, kowa ya kama nasa.

Mudi ne ya fara. Juya banɗaki ba juya kujera ba ne. In zai kalli arewa, sai an ƙara masa faɗi, faɗin kuwa babu, sai an ci ɗakin kwana, abin da Hansatu ta hana. Ranar nan mutanen Kwarin Ɗorawa suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Mudi ya tuɓe shadda ya rataye a reshe, daga shi sai singileti, ya ɗauki gawayi ya shiga zane a daɓen ginin. Ya zana ya goge, ya zana ya goge. In ya zana ɗaki sai ya shiga ya tsuguna da kansa ya gwada, leburori na leƙe suna ƙyaƙyatawa, shi ko a jikinsa. Har ya gano cewa in aka haɗe wani siririn lungu da ɗakin ajiye tsintsiya, aka mai da ƙofofi ɗaya gefen, banɗakunan duka za su kalli arewa, sama da ƙasa, ba a taɓa gado ko ɗaya ba, har ma a sami wurin alwala kyauta. Hansatu ta ga zanen ta ji kamar ta yi guɗa. Sai dai akwai wani ginshiƙi da ya tsaya ƙiƙam a daidai inda sabuwar hanyar shiga za ta bi.

Aka juya ga Iliya. Ginshiƙin nan shi zai ɗauki nauyin bene, kuma da wani injiniyan ne, da ya ce ba ya taɓuwa, ya kaɗe rigarsa ya tafi, ba mai ganin laifinsa. Iliya ya ce, "Bari in lissafa." Ya zauna a kan bulo da kwamfutarsa a cinya, aka kawo fura ya ce a ajiye, har ta tsinke bai waiwaye ta ba. Da ya tashi sai ya ce a cire ginshiƙin, a ƙara wa na dama da na hagu kauri tun daga tushe, a shimfiɗa wani ƙaton bim a kansu, wato gungumen kankare da rodi da zai kwanta ya ɗauki nauyin da na tsakiya ya bari. Ya sa hannu da sunansa, ya kuwa san in abin ya tsage gobe, ba Mudi za a nema ba, ba Haladu ba, shi za a nema. Bai bar wurin ba sai da ya tsaya a kan masu ɗaurin rodi, ya taɓa kowane ɗauri da hannunsa. Amma bim ɗin ya yi zurfi, ya zauna daram a inda bututun banɗakunan sama za su sauko. Iliya ya dubi Haladu ya ce, "Wanda ya huda mini shi, ni da shi ne."

Saura Haladu. Ƙazanta ba ta da inji, gangara kaɗai ke tafiyar da ita. In gangara ta yi kaɗan, ta zauna ta toshe. In ta yi yawa, ruwa ya gudu ya bar kaya a hanya. Tsofaffin bututun da ya binne sun tashi a banza, hanyar saukowa kuma Iliya ya rufe. Haladu ya daina barkwanci, abin da ya ba kowa tsoro. Ya fitar da bututun ta bangon baya, ya sauko da su ta waje, sai ya tarar ƙasar wannan gefen tudu ce, ga dutse a ƙarƙashi. Ya yi ta zagaye da tiyon awon gangara, har ya samo wata 'yar siririyar hanya tsakanin tushen gini da saiwar ɗorawa. Aka haƙa ramin bututu, ya shiga da kansa, laka har gwiwa, yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Da ya gama ya tara jama'a, ya hau saman katako, ya jefa lemon tsami a bakin bututu, ya bi shi da bokitin ruwa. Kowa ya ruga bakin ramin masai aka zuba ido. Can sai ga lemo ya faɗo, ɓul! Wurin ya kaure da sowa, har wani tsoho ya cire hula ya jefa sama.

Hansatu ta ɗora zanen ukun, wannan a kan wancan, ta bi su layi-layi, wannan karon kuma ta fara da alƙibla. Babu inda suka ci karo. Ta sa hannu, aka zuba dakin. Matan gari suka kawo kunu da ƙosai, makaɗa suka zo ba a gayyace su ba, leburori na ɗaukar kwanon kankare suna rawa. Limamin gari ya zo ya tsaya a bakin banɗaki, ya dubi masallaci, ya dubi wurin taka ƙafa, ya yi murmushi ya ce, "Madalla da masu tunani." Ba wanda ya gaya masa yadda aka yi, ni ma ku rufa mini asiri. Motar ƙarshe na ƙetare rafi, kankare na kamawa, sai sama ta saki ruwa, ya shayar da dakin ba tare da an ɗebo ko guga ɗaya ba. Hansatu ta tsaya a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo, tana dariya tana share hawaye, don daɗi ya yi mata yawa.

Ba a daɗe ba ta sauka lafiya. Namiji, ƙato, mai murya kamar ta Haladu, da dogayen yatsu kamar na Mudi, da ɗaure fuska kamar Iliya. Amma fa guda ɗaya ne tak.

Su ukun suka zo barka, kowa da turmin atamfa a hammata, kowa baki har kunne. Mudi ya ce shi ya samo hanya. Ba don gawayinsa ba, da Iliya bai sami abin lissafawa ba, Haladu bai sami abin binnewa ba. Aka ce masa ai shi ya juya ginin tun farko, ɓarnarsa ya gyara. Ya ce juyin nan shi ya ba yara inuwa, kuma su duka sun duba sun yaba.

Iliya bai yi dogon zance ba. Ya ce zanen gawayi ruwa ɗaya ke wanke shi, kuma ba don lissafinsa ba, da ginshiƙin nan na tsaye har yanzu. Ya ce sauran sun ba da guminsu, shi sunansa ya jingina, kuma 'yan mata za su kwana a kan lissafinsa shekara da shekaru. Wata gwaggo ta ce to ai shi ba ya kallon gabas. Mijin Hansatu, Malam Tanimu, ya ce wannan ma abin a ƙara gode masa ne, sunan kuma na annabi ne, ba mai hana shi.

Haladu ya ce su yi ta faɗa. Banɗakin da ya kalli arewa, aka ɗora masa bim kamar gadar jirgi, amma ba ya tafiya, sunansa ɗakin ajiye wari. Ya ce a tambayi lemon tsami, shi ne shaidarsa.

Hansatu ta dube su, har zuciyarta ba ta ga wanda za ta cire ba. Ta ce ko a haɗa masa sunayen uku? Malam Tanimu ya ce ɗansa ba bayan tirela ba ne da za a cika shi da rubutu. Rantsuwa aka yi a kan mutum ɗaya, suna ɗaya za a raɗa.

To ga inda aka tsaya. Gobe suna, rago na ɗaure a ƙofar gida, an jiƙa gero, wanzami ya wasa aska. 'Yan matan ƙetare sun fara shirya akwatunan tafiya makaranta, jaririn da aka yi alkawari a kansa kuwa har yanzu "jariri" ake ce masa. Ni dai na sauke nawa. Tsakanin Mudi da ya samo hanya, da Iliya da ya ɗauke nauyi, da Haladu da ya sa abin ya gudana, wane ne ya fitar da Hansatu daga rami, har ya cancanci a kira ɗanta da sunansa?