Hawainiya da Tambayar Shugaban Sashe

Akwai wata 'yar tela da 'yan gidansu suka laƙaba wa suna Hawainiya, don ba ta san gaggawa ba. Ko sallama ka yi mata, sai ta ɗago ta dube ka tukuna ta amsa.

Burinta ɗaya ne: ta shiga jami'a, sashen da ake koyon taimaka wa masu matsalar magana da ji. Tun da babanta ya samu shanyewar ɓarin jiki harshensa ya yi nauyi. Ita ke taka keke a shago, shi yana zaune gefe yana nuna mata inda za ta yanka. Kalma ɗaya takan ɗauke shi minti guda. Yayyenta sai su ce Baba kaza yake nufi, su wuce abinsu, alhali sau da yawa ba haka yake nufi ba. Ita kuwa tsayar da keken take yi har ya gama.

Sau biyu tana cike fom ba a ko kira ta ba. Innarta ta ce na ukun nan shi ne na ƙarshe, in bai yiwu ba ta rungumi ɗinkinta ta huta. Ta amsa da to, amma abin yana cin ranta.

A karo na uku aka kira ta tambayar baki, ita da ɗan kawunta da ake ce wa Rediyo. Saurayin yana da ƙwaƙwalwa, kar mu ci haƙƙinsa, sai dai bakinsa ba shi da birki. Gurbi biyar ne kacal, masu nema sun cika benci har wasu na tsaye.

Rediyo ya mayar da barandar da suke jira tamkar aji. Ya tabbatar wa kowa cewa tambayar farko ba ta canjawa, ita ce "Me ya kawo ka wannan fanni?" Kowa ya duƙufa haddar amsa. Ya kuma juyo ya tsokani Hawainiya, wai kafin ta buɗe baki malaman sun tashi daga aiki.

Ya shiga, minti biyar ya fito yana washe baki. Ya ce shugaban sashen in'ina gare shi, abin tausayi, shi ne ma ya taimaka ya ƙarasa masa tambayar.

Da aka kira Hawainiya, ta tarar da malamai uku a bayan dogon tebur. Na tsakiya, shugaban sashen, dattijo mai tabarau, ya duba takardunta ya ɗago.

"Me ya ka... ka... ka..."

Nan ya maƙale. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa na rawa. Amsar da ta haddace tana kan harshenta, tana tsoron kada su ɗauki shirunta rashin sani. Amma ta san wannan fuskar, kullum ita take gani a shago. Ta ɗora hannuwa a cinya, ta bar idonta a kansa, ba ta kau da kai ba, ba ta kuma yi masa kallon tausayi ba.

Can kalmar ta fito. "Me ya kamata ki yi idan mai magana ya maƙale a tsakiyar kalma?"

Ta ce, "A jira shi, Malam. Kalmar tasa ce."

Dattijon ya cire tabarau ya jingina da kujera. A hankali, yana tsayawa yana ci gaba, ya gaya mata cewa ba tarko ya ɗana wa kowa ba, haka harshensa yake tun yana yaro. Tun safe yake son yin tambayar nan, amma mutum goma sha huɗu sun amsa masa wadda bai yi ba.

Suka ci gaba da tambayoyin karatu. Wasu ta amsa, biyu ta ce ba ta sani ba, ta fito ba ta san matsayinta ba.

Bayan mako biyu aka manna sunaye a allon sanarwa. Nata ne na biyu. Ta tsaya a gaban allon tana dariya tana share hawaye, ko kunyar mutane ba ta ji ba. Daɗi ya kashe ta, kuma wallahi ta cancanta.

Rediyo ya bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi, babu sunansa. Suka kamo hanyar gida. Sai da suka kusa ƙofar shago ya sassauta murya ya ce, "Don Allah, wai mece ce tambayar?"

Darasi: Iya magana ba shi ne iya sauraro ba. Kar ka ƙarasa wa mutum maganarsa don kana ganin ka san inda ya dosa, ka bar shi ya kai da kansa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san bakinsa yana riga kunnensa.